Ɗana da Madarar Saniyarmu

Ɗana na fari yana da wata biyu zazzaɓi ya kwantar da ni. A ƙauyenmu ne, kudu da garin Hajj Abdalla, ana tsakiyar tsinkar auduga. Da na tashi daga ciwon, nonona ya ƙafe. Na sha kunun kanwa har na gaji, ko ɗigo.

Hankalinmu bai tashi ba, don muna da saniya. Shekara huɗu mijina ya yi yana aiki a hawashar wani Balarabe, wato gonar auduga, kafin ya saye ta, kuma duk baƙon da ya shigo sai an kai shi ya gan ta, ko yana so ko ba ya so. Surukata ta riƙa tafasa madarar tana ba yaron da cokali.

Kwana uku, ƙuraje suka feso masa a kumatu da wuya. Sai amai, sai zawo har da jini. Surukata ta ce bakin mutane ne. Aka yi rubutu, aka yi turare. Muka ƙara masa madara don ya yi ƙarfi, muka shafe ƙurajen da man shanu, yadda ake yi wa kowane jariri. Da hannuna na shafa masa.

Da kukansa ya fara dushewa, muka hau lori zuwa wajen hakim, malamin asibitin Hajj Abdalla. Ya tambayi abin da yaron ke sha, ya ce akwai jariran da jikinsu ba ya karɓar madarar shanu. Ta gwangwani ma ta shanu ce, ta akuya kuma da wuya ta zauna masa. A nemo mace mai shayarwa yau, ba gobe ba.

A hanya surukata sai faɗa take. "Mi? Madara ta kashe ɗa? Wanga hakim bai san shanu ba."

Mai goyo guda ce a gidanmu: facalata, matar yayan mijina. Mu kuwa ba ma ga-maciji. Mun yi faɗa a kan tsintsiya, mun yi a kan kaza, kuma gaskiya bakina ya fi nata kaifi. Ina zaune ina tunanin ta inda zan fara roƙo, sai ga ta a bakin ɗakina.

"Miƙo shi nan."

"Yaya, ni dai…"

"Ba don ke niz zo ba. Miƙo shi."

Haka ta haɗa shi da ɗiyarta. A gona in riƙe mata ɗaya a gindin bishiya, ta shayar da ɗaya, ta koma tsinka. Zawon ya tsaya, ƙurajen suka bushe, yaro ya yi kumatu.

Wata bakwai ina neman yadda zan gode mata, bakina ya kasa. A wajenmu safiya ba ta cika sai da shayi mai madara, ita kuwa kowa ya san in ba ta sha ba kanta ciwo yake. Wata safiya na tatso saniyar da kaina, na dafa mata mai kauri, na zuba sukari ba tausayi, na kai mata.

Ta dubi kofin ta ture. "Kai ma mijinki."

Raina ya ɓaci. "Yaya, har yanzu ba ki huce ba?"

"Ke kam wauta gare ki. Tun makon farko na lura, duk ran da nish sha madara, ƙurajen yaron ga sai sun dawo. Kalas, shi ke nan, sai na bari. Baƙi nika sha."

"Wata bakwai?"

"To da saura, sai an yaye shi."

Ba hakim ya gaya mata ba, ita ma ba ta gaya wa kowa ba. Allah ya saka mata da Aljanna, ita ta raya mini ɗa. Na zauna a ƙofarta ina kuka da kofi a hannu, tana yi mini tsawa wai in tashi kafin shayin ya huce.