Hoton Dikko Babu Hula

Daga Allah muke, kuma wurinSa ne makoma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2008, Dakta Dikko Funtuwa ya rasu a nan Doha bayan doguwar jinyar ƙoda. A nan muka binne shi. Mahaifiyarsa, Hajiya Auta, tana gida Nijeriya, ba ta ga gawarsa ba.

Dikko, na gaji. Na gaji da zaman asibiti, na gaji da amsa waya, amma maganar hotonka ta fi komai gajiyar da ni.

Kai da kake koyar da tarihin zane, sau nawa ka zaunar da ni a falonka na unguwar Ain Khaled kana buɗe mini hotunan attajiran Italiya na ƙarni na sha shida? Ka nuna baƙar riga, ka ce a ido ta tawali'u ce, alhali rininta tsada ne da shi. Ka nuna littafin addu'a a hannu, yatsa a tsakanin shafuka, wai an katse wa mutumin ibada. "Garzali, attajirin da kansa ya sa mai zanen ya zana masa tsoron Allah," in ji ka. Ni injiniya, sai hamma.

Da 'yan'uwanmu masu gadi da direbobi ke zuwa wurin mai hoto su ari farar jallabiya da carbi don su aika gida, ba ka taɓa yi musu dariya ba, har a motarka kake kai su. Amma kai ka ƙi tsayawa. Shekara da shekaru Hajiya na roƙon hotonka da babbar riga da carbi, kana cewa carbinka ba na mai hoto ba ne. Na ce maka taurin kai ne, kuma wallahi har yau ban janye ba.

Bayan sadakar uku Hajiya ta kira ni: "Ɗan nan, a aiko mini fuskarsa."

Ni da matarka Haulat muka birkice gidan. Ban da na fasfo, ɗaya tak muka samu, wanda wani direba ya ɗauka ba da saninka ba. Kasuwar Abu Hamour ce, cikin azumi, rigarka sharkaf da gumi, kwalin dabinon buɗa-bakin masu gadin unguwar West Bay a kafaɗarka. Ko hula babu. Na ji kunyar aika shi. Haulat ta ce, "Khalas, shi ke nan, shi muke da shi."

Da hoton ya isa, Hajiya ta kira. Ba ta tambayi carbi ba, ba ta tambayi riga ba. Ta ce, "Haka ubansa yake saɓa kaya." Sannan ta ce, "Amma ya rame, Garzali. Ba wanda ya gaya mini ya rame."



Allah Ya jiƙanka, Dikko, Ya sa jinyarka ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ya ba Haulat da 'ya'yanka haƙuri. Hajiya kuwa, Allah Ya nuna mata fuskarka a Aljanna, cike da ƙoshin lafiya. Amin.