Dutsen da Ke Ƙarƙashin Na'ura

Ni dai tun farko ban yarda da kwalbar nan ba. Na daɗe ina aikin kula da ɗakin gwaji na jami'a a Samaru, kullum daga unguwar Muchia nake hawo bas, kuma ban taɓa ganin gwajin da ya bi son ran mai shi haka ba.

Dakta, shugaban ɗakinmu, saura masa shekara biyu ya yi ritaya, bai kai farfesa ba. Ya zuba wani ruwa da ake kira ruwa mai nauyi a kwalba, ya tsoma wayoyi biyu, ya ba su wuta. Wai idan ƙwayoyin zarra suka haɗe a cikin ruwan ba tare da zafi ba, za su fesa wani burbushi da ido ba ya gani. Aikina shi ne ajiye na'urorin da ke ƙirga burbushin: ɗaya dab da kwalbar, ɗaya can ƙuryar ɗaki don a riƙa gwada ƙirgarsu.

Sati uku shiru. Sai ta kusa ta fara ƙas-ƙas-ƙas, ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau. Dakta har goro ya raba, ya kama rubuta takardar da yake sa ran za ta kai shi farfesa. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Na zargi mai shara da gusar da na'urar, na zana alli kewaye da ita. Na zargi janareto, na zargi ɗalibai, har aka fara gudun gaishe ni.

Ran nan aka ɗauke wuta, kwalbar ta daina kumfa, amma na'urar da ke kan batir ta ci gaba da ƙirgarta ko a jikinta. Na tsuguna na leƙa ƙarƙashinta. Tun da mariƙinta ya karye, mai walda a unguwar PZ yana ta yi mini gobe-jibi, ni da hannuna na ɗauko ɗan dutsen niƙan yajina daga gida na tokare ta da shi. Irin dutsen nan kuwa yana fesa nasa burbushin tun da Allah ya halicce shi. Na sani sarai, har ɗalibai nake nuna wa, amma na sha'afa. Na zare shi na sa littattafai, ƙarar ta lafa.

Na kira Dakta, na sa dutsen na cire a gabansa har sau uku.

"Dakta, ku yafe mini. Dutsena muke ta ƙirgawa."

Ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya ce kada in faɗa wa kowa tukuna, zai yi tunani. Tausayinsa ya kama ni, kunyar kaina ta fi. Na ajiye dutsen a bayan ƙofa na tafi gida.

Washegari ina buɗe ɗaki, ƙas-ƙas ya tare ni. Dutsen ya koma ƙarƙashin na'urar, an daidaita ta tsaf a cikin zanen allina. Makullin ɗakin biyu ne, nawa da na Dakta, nawa kuwa a jakata ya kwana.