Ranar da Na Ƙi Cewa E

Tun ina goyon ɗiyata ta fari nake tsoron kada wata rana a yanka ni a asibiti ban sani ba. Wata maƙwabciyarmu a Talladje ce ta dasa mini wannan tsoro. Ta ce su likitoci da Faransanci suke tambaya, in ka kuskura ka ce e, shi ke nan, sai dai ka farka da ɗinki.

Yarinyar na da shekara uku muryata ta dushe. Sati biyu in na kira ta sai ka ce ana jan buhu a siminti, ita kuwa ta gane, sai ta nufi bakin titi tana dariya. Dole na shiga taksi zuwa wurin likitan maƙogwaro.

Dattijo ne Bazabarme, Hausarsa ta kasuwa. Ya ɗaura fitila a goshi, ya ɗauko wani ɗan madubi, faɗinsa bai kai murfin kwalba ba, a kan siririn ƙarfe. Ya ɗumama shi a wuta, ya taɓa a bayan hannunsa. Na ce a raina, madubi da wuta, yau na haɗu da boka mai farar riga. Ya kama harshena da ƙyalle, ya ja, ya zura madubin can ciki.

"Madam, ki ce eee."

Ban ji tambayar ba. Na ce a'a. Da harshe a hannun mutum, abin da ya fito kukan akuya ne. Ya sake, na sake. A karo na uku ya saki harshena, ya tambayi abin da yake damuna. Na raɗa masa cewa sai na shawarci maigida.

Sai da ya cire fitilar don dariya. Ya ce:

"'Yata, ba aurenki nake nema ba. In kin ce e ne igiyoyin murya suke motsi, in gan su."

Na ce e har sau biyar. Kumburi ne kawai, na yawan ihu. Maganin shi ne shiru na kwana goma, sai na riƙa buga murfin tukunya in zan kira yarinyar.

Don Allah, in 'yar'uwarku za ta je wurin mai wannan madubi, ku gaya mata tun daga gida cewa wannan e ɗin ba amsa ba ce.