Glenys Trewin da Gwangwanayen Biskit Ɗinta

Ƙarfe shida da rabi na kowace safiya, kafin mu masu saƙa mu gama hamma, Glenys Trewin ta riga ta shiga rumbun ulu na masaƙarmu da almakashi a aljihu. Duk dilar da ta iso daga gona sai ta ɓarke bakinta, ta ciro ɗan gashi kamar cikin tafi, ta shinshina, ta ɗaga wa haske, ta sa a ambulan. A baya ta rubuta gona, ranar askin tumaki, da sunan wanda ya tantance gashin. Ambulan kuwa sai cikin gwangwanin biskit. Shekara talatin da ɗaya tana haka, kuma ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Ba wanda ya sa ta, mu kuma ba mu raga mata ba. Ni ne na laƙaba mata Uwar Gwangwani. Lokacin shayin ƙarfe goma nakan ce, "Glen, yau ma ulu za ki raba mana? Gwangwani ɗari biyu, ko biskit ɗaya babu!"

Takan ce, "Ci naka ka yi shiru, Merv, tumbinka ya riga ka shigowa."

Sai ga dokar Turai ta iso mana. Kamfanin Denmark da ke sayen rabin bargunanmu ya ce daga bana kowane bargo sai da ɗan tambarin nan da ake haskawa da waya: ulun daga wace gona, da me aka yi wa tumakin wanka, da me aka rina. Idan bayani ya zo da kuskure, za su janye. Idan suka janye kuwa, mu ashirin da shida sai gida, kuma garinmu ba shi da wata masaƙar. Warwick, manajanmu, wanda sau uku yana cewa a kai gwangwanayen bola, shi ne ya riƙa ɗauko su bibbiyu yana kai mata ofis. Glenys mai shekara sittin da huɗu ta koyi shigar da bayanan a kwamfuta da yatsa biyu, tana yi tana zaginta.

Saura kwana huɗu a loda kaya, komai ya cika a allo, sai ta ƙi danna amincewa a kan dila bakwai.

Warwick ya ce, "Glen, don Allah! Tambarin Des Halloran ne ɓaro-ɓaro a jikin buhun. Me kuma kike nema?"

"Buhun na Des ne. Ulun ba nasa ba."

"Tumakin ne suka gaya miki?"

Ta buɗe gwangwani ta baje ambulan goma sha biyar na ulun Des na shekarun baya a gabansa. Gonar Des baƙar ƙasa ce ta bakin kogi, ulunsa kullum da duhu-duhu a tsini. Na wannan karon kuwa jar ƙura ce a jikinsa, ga ƙarangiya. Warwick ya dafe kai ya ce ba wanda zai sani. Ta ce, "Ni na sani." A gaskiya ranar haushinta na ji, don aikina ne ke cikin haɗari. Har na ce mata ta bar mu mu ci abinci. Kallon da ta yi mini ya sa na ɗauko makullin mota.

Awa biyu muka yi kafin gonar Des. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya fashe da dariya, ya ce, "Ai na Petrakis ne, maƙwabcina na kan tudu! Makon aski ruwa ya yanke hanya, buhunansa suka ƙare, na miƙa masa nawa ta kan shinge. Na riga na buga musu tambari. Mota ɗaya ta kwashe mana. To, maƙwabci zan hana?"

Haka manomanmu suke yi tun kakanni, ba wanda ya ɗauke shi laifi. Muka haura tudu zuwa gonar Petrakis, ba mu san ko yana da takardar shaidar maganin wankan tumakinsa ba. Muka same ta manne a jikin firijinsa, ƙarƙashin hoton jikoki, da ɗigon miya a gefe. Matarsa ta hana mu tafiya sai da muka ci gasasshen rago. Glenys ta gyara bayanin washegari.

Bayan wata biyu mutanen Denmark suka rubuto. Ashe sukan zari bargo su kai ɗakin gwaji, su gwada ƙurar da ke cikin ulun da ƙasar gonar da aka ambata. Cikin waɗanda suka zara har da na ulun Petrakis. Ya dace. Suka sabunta mana ciniki na shekara uku, Warwick kuma ya sa aka kafa wa gwangwanayen kanta ta katako mai ƙofar gilashi.

Glenys, ke ce kika tsaya ranar da dukkanmu muka so ki kau da kai. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan maganar da na faɗa ba, ga shi ina bayarwa a gaban jama'a. Masu shigowa aikin nan, ku yi koyi da ita: abin da allo ya ce, ku je ku taɓa shi da hannu kafin ku sa suna.

Jiya na haska tambarin bargon da za mu ba ki kyauta. Wayar ta nuna gonar Petrakis, da masu aski, da mai rini, har da ni Merv mai tumbi. Na duba sama da ƙasa, sunanki babu. Kin rubuta kowa, kin bar kanki. To ga shi na rubuta, Uwar Gwangwani. Mun gode, mu ashirin da shida.