Yatsu Goma da Rufaffiyar Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya muka yi aiki tare da ita a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, ni ina babban akawu, ita tana buga tafireta. Yatsu Goma muke kiranta, domin a duk ginin ita kaɗai ke bugu da yatsunta duka, idonta na kan rubutun da take kwafa. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shi ya sayo mata tsohuwar tafireta a gwanjo, ta koya a tsakar gida, kan akwatin katako. Mijinta makaniki ne, 'ya'yansu uku. Bakwai da rabi take isowa, ta cire mayafin keken rubutun ta ninke shi gida huɗu, ta goge haruffan da tsohon buroshin haƙori. In ta fara aiki sai ka ce ruwan sama a kan kwano. Ban taɓa mayar mata da takarda don gyara ba.

A shekararta ta ƙarshe manaja ya sa aka ajiye talabijin da bidiyo a ɗakin da muke cin abincin rana. Direbansa ke kawo kaset, kuma kusan duk labarin ɗaya ne: babban ma'aikaci da sakatariyarsa, takardu su zube, su biyu su sunkuya, hannu ya taɓa hannu, a rufe ƙofa, kiɗa ya tashi. Da farko na ce ɓata lokaci ne.

"Akawu, kai da ka ce shirme ne," in ji direba wata rana, "ga shi kujerarka ta kusa shigewa cikin akwatin. Ja baya mana, sanƙonka ya tare mana amarya."

Ita ba ta zama kallo. Da an tashi cin abinci sai ta kwashi takardu ta nufi ofishin mai bincike, a ƙarshen baranda, ta rufo ƙofa. Mai binciken dattijo ne, Jan Biro muke ce masa. Babu motar da za ta tashi sai ya duba takardar kayanta ya sa hannu. Saura shekara guda da 'yan watanni ya cika shekarun aiki ya fita da cikakken fansho.

Direban ne ya fara. "Ku bar na akwati," ya ce, yana nuna barandar da cokali, "ga namu can, ba ya ma buƙatar kaset." Aka bushe da dariya. Ni ban yi dariya ba, abin da na yi ya fi dariya muni. Na fara duba agogo.

A makarantar mishan an koya mana cewa maganar da ba ta da kwanan wata da sa'a ba magana ba ce. Na ɗauki mako uku ina rubutawa: shiga ɗaya da minti biyar, fita biyu saura kwata. Sau biyu na ga Jan Biro bayan ta fita, yana shafa takardar da ta bari da yatsunsa, a hankali, idonsa a lumshe. A fim ɗin makon, haka babban ma'aikacin ya shafa wasiƙar sakatariyarsa. Na ɗauko takardun na ɗaga su a hasken taga. Can ƙasan kowacce akwai jerin ɗige-ɗige da aka buga ba tawada, sun ɗan tasa ta baya. Na ce wa kaina, to ga saƙon sirrin. Na rubuta wa manaja rahoto mai shafi biyu, har da sakin layi mai lamba.

Ita kaɗai aka kira, domin shi Jan Biro babba ne. Ni na zauna a gefe da littafi.

"Me kuke yi a ciki?" in ji manaja.

"Aiki, ranka ya daɗe."

"Wane aiki ne sai an rufe ƙofa? Daga gobe a bar ta a buɗe."

"Ba zai yiwu ba, ranka ya daɗe."

"To ɗige-ɗigen nan fa?"

Ta dubi takardar, ta dube ni. Manaja ya ce ko ta yi bayani, ko ta ajiye aiki a ƙarshen wata, domin maganar ta riga ta kai bakin direbobi. Ba ta jira ƙarshen wata ba. Ranar ta lulluɓe keken, ta shiga wurin Jan Biro minti biyu, ƙofa a buɗe, ta fita da jakarta.

Kwana tara Jan Biro ya iya ba tare da ita ba. Ran na goma ya sa hannu a tsakiyar jerin kaya, jan biro ya ratsa lambobin. Sai ya lalubo bango har ofishin manaja, a gabana ya faɗi komai. Idanunsa sun yi shekara suna mutuwa, kuma dokar kamfanin ita ce duk wanda likita ya ce ba ya gani a sallame shi nan take. Ita ta gane, ranar da ya riƙe takarda a kife. Tun daga nan take karanta masa kowace takarda da rana, ƙasa-ƙasa, shi yana bi da ka yana kama kuskure. Ɗige-ɗigen kuwa, ɗage zaren tawada take yi ta buga su, don ya laluba ya san inda zai sa hannu. Ranar da za ta tafi ta ce masa ya daure, kada ya buɗe baki, saura kaɗan.

An sallame shi a watan. Daga nan ban sake shiga ɗakin cin abinci ba.

Daga baya na sami Yatsu Goma a bakin gidan waya, ƙarƙashin rumfa, da tsohon keken da mahaifinta ya sayo mata, tana buga wa mutane wasiƙu. Na bi layi kamar kowa. Da aka zo kaina na kasa haɗa ido da ita.

"Malam Akawu, sannu da rana. Ya iyali? Me za a rubuta?"

Na ce takarda ce zuwa ga manaja. Ta zura farar takarda da kabon na kwafi. Na shiga faɗa tana bugawa: cewa rahotona ƙarya ne, cewa na ɓata sunan matar aure a kan zato, cewa ina roƙo a mayar da ita. Ba ta tsaya ba, ba ta ɗago ba. Ta zare, ta miƙo mini na sa hannu.

"Mijinki fa?" na tambaya.

"Tun ranar farko ya sani. Shi ya ce in taimaki tsohon. Amma 'yata ta fari a makaranta ta ji labarin, Malam. Kwana uku ba ta yi mini magana ba."

Manaja ya karanta, ya amince. Washegari na koma da takardar komawa aiki, da hatimi da komai. Ta karanta har ƙasa, ta ninke, ta mayar mini.

"A gode masa. Amma in na koma, duk ƙofar da na taɓa sai wani ya duba agogo. Nan babu ƙofa. Ɗan matsa, Malam, baba na bayanka tun safe yake jira."

Na matsa. A rumfar nan ta yi sauran shekarun aikinta, ta aurar da 'ya'yanta, har yatsun suka fara ciwo ta daina. Duk lokacin da na je gidan waya, ta ɗaya gefen titin nake bi. Ita kuwa in ta hango ni, sai ta ɗaga hannu.