Dattijon da Ke Kallon Bakin Malama

A ajin yaƙi da jahilci na yamma, malama ta lura da wani baƙon dattijo a bencin gaba. Rigarsa ta sha guga, amma ga farin gari a girarsa da ƙarƙashin faratansa. Da gani mai injin niƙa ne, wataƙila ya rufe shago da wuri don ya zo. Idonsa ƙur a fuskarta. In ta juya ga allo tana bayani, sai fensirinsa ya tsaya cak.

Kallon ya ishe ta. "Baba, allo ake kallo, ba ni ba."

'Yan aji suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Yi haƙuri, Malama," in ji shi, da babbar muryar wanda ba ya jin kansa. "Ƙarar inji ta cinye min kunne. Bakinki nake karantawa."

Ta yi ta ba shi haƙuri, amma ya riga ya mai da ido kan allo, yadda ta umarce shi. Bai ma san tana magana ba.