Faifan Digirina Ya Kama Aiki

Jiya da hantsi na leƙa gonar shinkafar babana a Kura, sai na hango wani abu yana ƙyalli a kan sanda, iska tana juya shi. Ina matsawa na ga faifan sidi ne, har da rubutun hannuna a jiki.

Aikin kammala digirina na kwamfuta ne a ciki. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, filashin da na kwafa aikin a ciki ya ɓata, wannan faifan kaɗai ya rage mini. Ga shi duk ya kakkarce.

Na ce, "Baba, ka san wahalar shekara huɗu ka rataye a nan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Shekara uku yana cikin akwati, me ya tsinana maka? Tun da na rataye shi, ko tsuntsu ɗaya bai sauka a shinkafar nan ba. In da wani, kawo."

Ni har yau yawon neman aiki nake, faifan kuwa ya riga ni samu.

Masu digiri, ku naku faifan a ina yake aiki?